Akwatin da Ba a Buɗewa

Da hantsin ranar Juma'a, Insfekta Maliki Ango yana cikin rubuta rahoton rikicin wasu masu awaki da masu lambu, Kofur Hassan ya leƙo ofishinsa.

"Yallaɓai, Malam Badamasi kafinta ne a kanta. Wai an yi masa sata."

Maliki ya ajiye biro. Duk Bagudo babu wanda bai san Malam Badamasi ba. Ƙofofin masallatai da dama daga nan har Illo aikin hannunsa ne. Teburin da Maliki ke rubutu a kai ma shi ya haɗa shi, tun Maliki bai shiga aikin ɗan sanda ba, kuma har yau ƙafarsa ko ɗaya ba ta girgiɗi.

Dattijon ya shigo a hankali, dogo, siriri, shekarunsa sun doshi saba'in. Ya shafa bayan kujera kafin ya zauna. Bayan sun gaisa Maliki ya ce, "Baba, me aka ɗauke?"

"Akwati, ranka shi daɗe."

"Me ke ciki?"

"Babu komai. Ruwa ne kawai cikin ɗan kwano."

Kofur Hassan ya danne dariya. Maliki ya harare shi, ya gyara zama.

Malam Badamasi ya yi bayani. Wani mai otal a garin Kandi, can cikin ƙasar Benin, Alhaji Zainulabideen, shi ya ba shi aikin. Baƙinsa manya ne, masu shan irin naɗaɗɗiyar tabar nan mai kaurin babban yatsa, ganye zalla babu takarda, wadda suke kira sigar. Ita kuwa ba ta jure zafin ƙasar nan, sai ta bushe ta farfashe. Don haka ake yi mata akwati na musamman, a shimfiɗe cikinsa da wani katako mai ƙamshi da ake kira sida. Alhajin ne ya kawo katakon daga Kwatano, ɗan kaɗan, daidai aiki ɗaya.

"To ruwan fa?" in ji Maliki.

"Sabon sida ƙishirwa gare shi. In ka zuba taba ciki haka nan, shi zai tsotse danshinta. Sai an fara shayar da shi. A goge cikin da tsumma mai ɗan lema, a sa kwano da ruwa, a rufe. Kwana goma sha huɗu ba a buɗewa. Akwai ɗan agogo a gabansa mai auna danshi. In allurar ta kai saba'in ta tsaya, to katako ya ƙoshi."

"Ko wane ruwa ne?"

"A'a. Na rijiya yana barin tabo da hunhuna. Tataccen ruwa ake sawa, irin na batir."

"Yaushe kuka rufe shi?"

"Litinin ta makon jiya. Tun ranar babu hannun da ya taɓa shi. Jiya da la'asar na kulle shago yana nan. Yau da safe na buɗe, babu."

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa ba."

"Su wa ke da mabuɗi?"

Dattijon ya kau da kai. "Ni da Lawal."

Lawal shi ne babban ma'aikacinsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shekara ashirin da biyu suna tare.

Da Hassan ya gama rubuta bayanin ya miƙa biro a sa hannu, Malam Badamasi ya ce a ba shi tawada ya dangwala. Yatsunsa uku na dama a naɗe suke da ƙyalle. Ya ce sartse ne. Da na hagu ya dangwala.

Kafin a tafi masallaci Maliki ya je shagon. Ɗaki ne babba na bulo a bayan kasuwa, da rumfar kwano a gaba. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, taga kuma da ƙarfe. A ciki ga injin goge katako sabo, ga zarto mai aiki da lantarki, ga batirin sola a kusurwa. Duk abin da ɓarawo zai sayar cikin awa ɗaya yana nan.

A kan kanta ya ga wurin da akwatin ya zauna, an share shi fes. Can gefe ga ɗan kwanon tangaran, an wanke an kife.

"Wannan ne kwanon da ke ciki?"

"A'a, wani ne daban," in ji Malam Badamasi daga bakin ƙofa, bai ko matso ba.

Maliki ya durƙusa ya tona tarin dusar katako da ke ƙarƙashin kantar da bakin biro. Wani farin tsumma ya fito. Ya ɗaga shi sama. Duk ya huhhuje, ramukan da baƙi-baƙi a gefe, kuma da ya ɗan ja shi sai ya yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya sa shi a leda ya jefa aljihu.

Bayan sallar Juma'a labari ya iso daga Tsamiya, bakin iyaka. Wani ɗan sanda da ke aiki a can ya ce jiya Alhamis da safe ya ga Lawal ya tsallaka Benin a kan babur, da kwali ɗaure a baya. Difi'o, shugaban ofishinsu, bai jira komai ba. Ya ce a ɗauko Lawal.

Lawal gajere ne kakkaura, mai tabon aiki a duk hannayensa. Ya zauna a benci yana duban ƙasa.

"Ina ka je jiya?"

"Kurgu, yallaɓai. Wajen ƙanwata, ba ta da lafiya."

"Hanyar Kurgu ta Tsamiya take bi yanzu?"

Lawal ya ci gaba da duban ƙasa.

"An gan ka ka tsallaka. Me ke cikin kwalin?"

"Busasshen kifi."

"Na wa?"

"Tsaraba ce."

"Wa ka kai wa?"

Lawal ya ɗago ido, ya sake sunkuyar da kai. "Yallaɓai, wallahi ban ɗauki akwatin nan ba. Da hannuna na yi masa samfefa kwana shida. Yaya zan sace shi?"

"To ka gaya mini inda ka je."

"Ba zan iya ba."

"Ka san in ka ƙi magana a nan za ka kwana, Litinin kuma sai kotu?"

"Na sani."

Aka kwashe abin da ke aljihunsa kafin a sa shi a sel: waya, mabuɗin shago, ɗan guntun fensir, da wata takarda a ninke, rubutun Faransanci da hatimi. Difi'o ya ce magana ta ƙare, ai akwatin yana Benin tun jiya. Maliki ya tuna masa cewa mai shagon da bakinsa ya ce har la'asar akwatin yana nan, Lawal kuwa da safe ya tsallaka.

"To ya je neman mai saye ne, ya dawo ya ɗauka," in ji Difi'o. "Ka rufe fayil ɗin nan, Insfekta."

Maliki bai rufe ba. Shekara ashirin da takwas yana wannan aiki, ya ga ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda zai wanke kwano ya kife kafin ya fita ba. Kuma ƙaryar Lawal ta tsaya masa a rai. Mai laifi yakan yi ƙarya ya ƙara wata a kanta, ya kawo sunaye da shaidu. Wannan ya yi guda ɗaya, da ta fashe sai ya rufe bakinsa.

Ranar Asabar ya buga wa Alhaji Zainulabideen waya, suka yi alkawarin haɗuwa a Tsamiya. Suka zauna a rumfar wani mai shayi, manyan motoci na jere a gabansu suna jiran a duba takardunsu. Alhajin mutum ne mai jiki, Hausarsa da ɗan karin Dendi. Ransa a ɓace yake.

"Ni ba katakon ke damuna ba, Insfekta. Na faɗa wa mutane cewa babu kafinta irin Malam Badamasi daga nan har bakin teku. Wasu sun ce in kai aikin Kwatano, na ƙi."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Alhamis da safe mun yi waya. Na ce masa baƙina sun matso da zuwansu, ko za a iya samun akwatin ranar Asabar, yau ke nan. Ya ce allurar ba ta kai ba tukuna, amma zai buɗe ya ƙara goge cikin da ruwa, ko za ta yi sauri."

"Shi ya ce zai buɗe?"

"Da bakinsa. Har na ce masa in babu hali a bari."

Maliki ya kurɓi shayi. Sannan ya ciro takardar Lawal ya miƙa masa. "Taimaka mini da wannan. Faransancina bai wuce gaisuwa ba."

Alhajin ya karanta, ya ɗaga gira. "Katin asibitin ido ne, na wasu likitoci da ke zuwa can wajenmu sau biyu a shekara. An ba da rana, sha bakwai ga wata mai zuwa. Aikin cire yanar ido, duka biyun." Ya kai yatsa ƙasan takardar. "Sunan mara lafiya, Badamasi."

Suka dubi juna.

"Ban sani ba," in ji Alhajin a hankali. "Wallahi ban lura ba."

A hanyar dawowa Maliki bai kunna rediyo ba. Mahaifinsa ya faɗo masa a rai, tela ne a Kamba, wanda ya shekara biyu yana cewa alluran zamani ne ba su da kafa mai kyau, kafin ya yarda cewa idonsa ne. Ya tuna yadda gidan gaba ɗaya suka taya shi wannan ƙaryar, kowa na zura masa zare a ɓoye.

Da ya shigo Bagudo ya zarce bakin tasha, rumfar Hamma mai gyaran batir. Ya ɗora tsumman a kan teburinsa.

"Me ke yi wa ƙyalle haka?"

Hamma ya juya shi da bakin sukundireba. "Asid ne, yallaɓai. Dubi wandona, duk irin ramukan ne."

"Shagon Malam Badamasi a wajenka suke sayen ruwan batir?"

"Nan ne. Lawal ke zuwa. Makon jiya ya karɓi gora biyu: ɗaya tataccen ruwa na wani aikinsu, ɗaya mai asid na batirin solarsu."

"Yaya ake bambanta su?"

"A ido duk ɗaya ne, fari tas, babu wari. Gorunan ma iri ɗaya ne. Sai dai na rubuta wa mai asid ɗin da jan biro a jiki."

"Ba ni irinsu guda biyu. Ka rubuta kamar yadda ka yi."

Ranar Lahadi da safe Maliki ya bar Kofur Hassan a mota, ya shiga shagon shi kaɗai. Malam Badamasi na zaune a kan wani guntun gungume, babu aiki a gabansa. Kwana biyu kawai, amma ya faɗa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Wane ne?"

"Maliki ne."

"Ranka shi daɗe. Rana ce ta bayanka ta hana ni ganewa."

Maliki ya jawo benci ya zauna kusa da shi. Ya ajiye gorunan biyu a kan kanta, a wurin da haske ya fi yawa.

"Ina son in rubuta yadda ake shayar da katakon nan daidai, saboda fayil. A cikin biyun nan, wanne ake sawa?"

Dattijon ya tashi ya matsa. Ya ɗauki ɗaya ya kai ta dab da fuskarsa, ya juya ta. Ya ajiye, ya ɗauki ɗayar. Jan rubutun yana kallonsa, manyan baƙaƙe huɗu: ASID. Ya daɗe a tsaye. 

Maliki ya miƙe ya karɓe ta daga hannunsa.

"Zauna, Baba."

Ya zauna.

"Ba sartse ba ne a yatsun nan."

"Ba shi ba ne."

"Kwanon da ke kife, shi ne na cikin akwatin."

"Shi ne."

"Ina akwatin?"

Malam Badamasi ya nuna bayan shago da haɓa. "Buhu na uku, cikin na dusar katako."

Maliki ya kira Hassan suka kwance buhun. Akwatin ya fito a naɗe cikin tsohuwar riga. Maliki ya share shi da tafin hannu, ya tsaya yana kallo. Bai taɓa ganin aikin katako irin wannan ba. Jan maɗaci ne a waje, sumul, ba ka ganin inda katako ya haɗu da katako. Da ya saki murfin sai ya sauka a hankali da wata 'yar ajiyar iska, ya zauna daram. Ya sake buɗewa. Cikin kuwa ya ƙone. Sidan ya yi baƙi shati-shati, duk inda tsumma ya bi, wani wurin har ya tashi kamar ɓawon itace.

"Lawal ya ce mini za shi unguwa," in ji dattijon daga bayansu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Alhaji ya bugo waya. Na ce wanga ɗan aiki, shafa ruwa ga katako, shi ma sai na jira wani? Na ɗauki gora na zuba, na goge ko'ina, lungu-lungu, yadda nake aikina. Sai da yatsuna sunka fara zafi na gane. Na wanke da ruwa, na sake wankewa. Kafin azahar ya yi baƙi. Baƙin kam na gan shi."

"Me ya sa ba ka faɗa wa Alhaji gaskiya ba?"

"In ce masa mi? Shekara hamsin mutane na kawo mini aiki daga ƙasa biyu. In anka ji Badamasi bai bambanta ruwa da asid, wa zai sake ba shi ko kujerar tsuguno? Shekara ukku ke nan Lawal ne idona. Shi ka aunawa, shi ka ja layi, ni in bi da hannu. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ko matata." Ya share fuska da hannun riga. "Na ɗauka za ku rubuta a takarda ku aje, kamar yadda ake yi in an sace akuya. In ce wa Alhaji ƙaddara ce."

"Amma da na tambaye ka mabuɗi, ka ambaci sunansa."

"Na ambata."

"Ka kuma ji an kama shi tun Juma'a."

"Na ji. Jiya sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishinku, in tsaya wajen mai lemu, in juyo." Ya sunkuyar da kai. "Matarsa ta zo gidana tana kuka, ta ce Baba ka je ka gaya musu halinsa. Na ce mata a yi haƙuri, hukuma na bincike."

Maliki ya ciro katin asibitin. Ya fara miƙa masa, sai ya tuna, ya janye hannunsa ya faɗa masa abin da ke ciki da baki: sunan, da ranar, da aikin da za a yi.

"Can ya je ranar Alhamis. Kifin da ya ɗauka, ma'aikacin da ya sama maka layi ya kai wa. Kwana biyu ina tambayarsa, ya gwammace kotu da ya faɗi inda ya je, don in ya faɗa sai an san na idonka."

Malam Badamasi bai yi kuka da sauti ba. Ya dafe kansa da hannu biyu, kafaɗunsa na motsi. Hassan ya juya ya fita waje.

Maliki ya bar shi har ya nutsu. Abin da ya rage ba mai daɗi ba ne, kuma babu hanyar kauce masa.

"Baba, akwatin nan tsakaninka da Alhaji ne, ba ruwan hukuma. Amma ka kawo ƙarar ƙarya, ka dangwala hannu a kai, mutum ya kwana biyu a sel saboda ita. Wannan dole ka bi ni. Zan rubuta cewa da bakinka ka nuna inda yake. Sauran na Difi'o ne da alƙali."

"Daidai ne," in ji dattijon. Ya laluba hularsa ya sa. Hassan ya dawo da ankwa a hannu, Maliki ya girgiza masa kai.

Tun daga shago Maliki ya buga waya a saki Lawal, don haka suna isa caji ofis ana fito da shi, yana tsaye a kanta yana karɓar wayarsa da fensirinsa. Idonsa ya yi ja, rigarsa ta yamutse. Ya juyo ya ga maigidansa tsakanin 'yan sanda biyu, ya ga akwatin a hannun Hassan da murfinsa a buɗe. Ya daɗe yana kallon baƙin da ke ciki. Ba sai an yi masa bayani ba.

"Lawal yana nan?" in ji Malam Badamasi, yana duban inda ba nan yake ba.

"Ga ni."

"Ni ne. Ni na ɓoye shi, na bari anka kama ka."

Lawal ya sa fensirin a aljihu, ya ɗauki mabuɗin shagon daga kan kanta, ya juya shi a hannu, sannan ya mayar ya ajiye shi a wurin. Ya nufi ƙofar fita. Maliki bai tsayar da shi ba, bai kuma ga laifinsa ba.

"Mu je, Baba," in ji Hassan, ya nuna hanyar ofishin da ake ɗaukar bayani.

Dattijon ya taka a hankali. A bakin lungun akwai wata 'yar matakala ta siminti, tsayin tafin hannu, launinta ɗaya da daɓen. Saura taku biyu ya kai gare ta, murya ta fito daga bakin ƙofa, a dushe, ba tare da mai ita ya matso ba.

"Baba, akwai tudu gabanka. Ɗaga ƙafa."

Malam Badamasi ya tsaya cik. Sannan ya ɗaga ƙafarsa ya haye, Hassan ya wuce da shi ciki.